Fashin Baƙi Kan Kalmar "Ruin": Ma'anarta da Asalinta a Harshen Turanci

Daga cikin kalmomin da Turanci yake bayyana halaka da lalacewa da su, da wuya a sami wadda aka ɗora wa kaya kamar "ruin", wadda ake furtawa da gaɓa biyu, wato "ru-win". Da ita Bature yake kiran tsohon ginin da rufinsa ya zube, da ita yake faɗar halin attajirin da ya wayi gari babu ko sisi, da ita kuma yake bayyana makomar daular da ƙarfinta ya ƙare, har rigar da manja ya ɓata ma yana iya cewa abin da ya same ta ke nan. Wanda ya buɗe ƙamus zai tarar ma'anonin sun kai huɗu: faɗuwar kanta, da halin da abu yake shiga bayan ya faɗi, da abin da ya jawo faɗuwar, da kuma abin da ya rage a ƙasa. Duk wanda ya bi sawun waɗannan ma'anoni tun daga tushe zai lura da wani hali da kalmar take da shi, wato tana da saurin rufa wa mai ɓarna asiri, ta bar mai sauraro yana zaton abin da kansa ya faɗi.

Tushen kalmar yana cikin harshen Latin, harshen Rumawan da. Akwai aikatau "ruere", wanda yake nufin rugawa da ƙarfi, ko faɗowa a guje, ko zubewa gaba ɗaya, kuma daga gare shi aka samo suna "ruina", wato zubewa ko ruftawa. Motsi da gaggawa su ne jigon wannan saiwa. Rumawa suna amfani da aikatau ɗin ga sojojin da suka afka wa abokan gaba, da ruwan da ya kwararo daga kan dutse, da katangar da ta kife. Yawanci kuma aikatau ne ƙi-karɓau, wato abu ne yake faɗuwa, ba a ambaci wanda ya tura shi ba, ko da yake mawaƙansu sukan yi amfani da shi da ma'anar kayar da wani abu. Masana tarihin harsuna suna danganta shi da wata tsohuwar saiwa ta dangin harsunan Indiya da Turai mai ma'anar fasawa ko tumɓukewa. Ya kamata a kiyaye da kamannin sauti, domin kalmomin Turanci "rue" mai nufin nadama, da "rune" mai nufin tsofaffin haruffan mutanen arewacin Turai, ba su haɗa asali da ita ba.

A birnin Rum, "ruina" abu ne da talaka yake kwana da fargabarsa. Yawancin mazauna birnin suna zaune ne a gidajen haya masu hawa da yawa, waɗanda masu kuɗi suke ginawa da araha domin su tara haya, kuma ruftawarsu ta yi yawa har Sarki Augustus ya ƙayyade tsawon gine-ginen da ke bakin titi, ya hana su wuce ƙafa 70. Mafi munin abin da tarihinsu ya adana ya faru a shekara ta 27 Miladiyya, zamanin Sarki Tiberius, a garin Fidenae da ke kusa da Rum. Wani 'yantaccen bawa mai suna Atilius ya gina katafaren dandalin kallon wasan takobi da katako, bai kafa harsashinsa a ƙasa mai ƙarfi ba, bai kuma ɗaure katakon yadda ya kamata ba, domin riba kawai yake nema. Jama'a suka cika wurin maƙil, ginin ya rufta da su. Masanin tarihi Suetonius ya ce fiye da mutum 20,000 suka mutu, kuma kalmar da ya yi amfani da ita ga wannan musiba ita ce "ruina". Masanin tarihi Tacitus kuwa ya ce waɗanda suka mutu da waɗanda suka jikkata sun kai 50,000. Majalisar dattawa ta kori Atilius daga ƙasa, ta hana duk wanda dukiyarsa ba ta kai adadin da ta yanka ba shirya irin wannan wasa, ta kuma wajabta a gwada ƙarfin ƙasa kafin a kafa dandali.

Wannan hukunci yana nuna yadda dokar Rumawa ta ɗauki lamarin. Duk da cewa nahawun kalmar yana cewa gini ya faɗi, doka ba ta yarda maganar ta tsaya nan ba. Maƙwabcin gidan da ya yi alamar ruftawa yana da damar kai mai gidan gaban hukuma, a tilasta masa ya ba da tabbacin biyan diyya tun kafin ɓarnar ta auku. Wanda kuma ya yi amfani da ruɗanin gobara ko ruftawar gini ko nutsewar jirgi ya wawuri kayan mutane, zai biya ninki huɗu idan an kai shi ƙara cikin shekara guda. Wannan tunani ya gangaro har cikin kundin dokokin Faransa na 1804, inda sashe na 1386 ya ce mai gini shi ke da alhakin cutar da "ruine" ɗin gininsa ya jawo, muddin sakaci wajen gyara ko kuskure wajen gini ne sanadi. A nan kalmar tana riƙe da ma'anarta ta farko tsantsa, wato ruftawa, kuma an ɗaura mata sunan mai laifi.

Lauyoyi har gobe suna furta aikatau ɗin na asali ba tare da yawancinsu sun lura ba, a cikin sanannen zancen nan na Latin, "fiat justitia, ruat caelum", wanda yake nufin a yi adalci ko da sama za ta rufto. Alƙalin Ingila Lord Mansfield ya ambace shi a shari'ar James Somerset ta 1772, wadda ta yanke cewa ubangida ba shi da ikon fitar da bawansa daga Ingila da ƙarfi.

Tun a Latin kalmar ta fara tsallakawa daga tubali zuwa mutum. Marubutansu suna magana kan "ruina" ta iyali ko ta ƙasa, kuma jam'inta, "ruinae", ya riga ya ɗauki ma'anar ɓaraguzan da suka rage. Fassarar Littafi Mai Tsarki na Kirista zuwa Latin, wadda Jerome ya yi a ƙarshen ƙarni na 4, ta ƙara watsa ta a Turai, musamman ta hanyar misalin mutumin da ya gina gidansa a kan rairayi, ruwa da iska suka buge shi, faɗuwarsa ta zama babba. Shekaru ɗaruruwa masu wa'azi suna karanta wannan misali, har jama'a suka saba da jin ruftawar gida a matsayin hoton ruftawar mutum. Fassarar Turanci ta zamanin Sarki James, ta 1611, ita ma ta yi amfani da "ruin" a wannan misali kamar yadda ya zo a Linjilar Luka.

Kafin kalmar ta zauna da gindinta a Ingila, Turawan wurin suna da nasu kalmomin. Tsohon Turanci yana da aikatau "hreosan", wato faɗuwa, da suna "hryre", wato faɗuwa ko halaka. Akwai wata tsohuwar waƙa a cikin kundin da ake kira Littafin Exeter, wanda aka rubuta a ƙarshen ƙarni na 10, inda mawaƙin yake tsaye a gaban ragowar wani birnin Rumawa yana bayyana rufin da ya zube, da hasumiyoyin da suka karye, da ƙofofin da sanyi ya cinye, yana kiran ginin aikin ƙattai, domin mutanen zamaninsa da katako suka fi gini, ba su san yadda aka ɗaga irin waɗannan duwatsu ba. Saboda ya ambaci wuraren wanka da ruwan zafi mai ɓuɓɓugowa, masana da yawa suna ganin garin Bath yake nufi. Yau ana kiran waƙar "The Ruin", amma masanan baya-bayan nan ne suka raɗa mata sunan, kalmar ba ta cikin baitocinta. Shafukan da waƙar take ma wuta ta taɓa su, wasu layuka sun ɓace. Abin da mawaƙin ya ɗora wa alhaki shi ne ƙaddara, da annobar da ta kwashe maginan.

Sauyin ya biyo bayan 1066, lokacin da William na Normandy ya ci Ingila da yaƙi a Hastings. Faransanci ya zama harshen fada da kotu, Latin ya ci gaba da zama harshen coci da ilimi, Turanci ya koma bakin talakawa har kusan shekara 300. Da Turanci ya sake ɗagowa, musamman bayan dokar 1362 da ta ce a riƙa yin shari'a da shi, sai ya ɗago ɗauke da dubban kalmomin aro. A wannan guguwa ce "ruine" ta Faransanci, wadda Latin ɗin malamai yake mara wa baya, ta samu gindin zama, "hryre" kuwa ta mutu murus. Zuwa ƙarshen ƙarni na 14 ana amfani da sabuwar kalmar ga faɗuwar mutum ko al'umma daga ɗaukaka, a ƙarni na 15 jam'inta "ruins" ya ɗauki ma'anar ragowar gini ko gari, sai a ƙarshen ƙarni na 16 aikatau "to ruin" ya yaɗu, wanda shi so-karɓau ne, yana buƙatar mai aikatawa da wanda aka aikata wa. A wannan ƙarni ne kuma aka fara jin tagwayen kalmomin nan "wrack and ruin", waɗanda yau aka fi rubutawa "rack and ruin", inda ta farkon take 'yar'uwar "wreck", wato tarwatsewa irin ta jirgin ruwa.

Ƙarni na 16 ɗin nan shi ne ya cika Ingila da kangaye. Tsakanin 1536 da 1541 Sarki Henry na Takwas, bayan ya ɓata da Fafaroma, ya rufe gidajen ibada na ruhubanawa fiye da 800 a Ingila da Wales da Ireland, wazirinsa Thomas Cromwell yana jagorantar aikin. An ƙwace filaye da dukiya, an sauke ƙararrawa, sannan ma'aikata suka hau rufi suka ɓamɓare dalmar da ke hana ruwa shiga, suka narkar da ita aka sayar. Ginin dutse kuwa da zarar an kware masa rufi a ƙasa mai yawan ruwan sama, an gama da shi, domin katakon zai ruɓe, ruwa zai shiga tsakanin duwatsu ya daskare ya tsaga su, maƙwabta kuma su zo da amalanke su kwashi sassaƙaƙƙen dutse su gina nasu gidajen. Haka aka yi wa gidan ruhubanawa na Tintern da ke bakin kogin Wye, wanda aka miƙa wa sarki a 1536, da na Fountains da ke Yorkshire a 1539. Amma idan ana ba da labarin irin waɗannan wurare, jumlar da ta fi zuwa bakin Bature ita ce "fell into ruin", wato wurin ya faɗa cikin lalacewa, kamar dai tsufa ne ya kama shi. Sarki da wazirinsa da masu narka dalma duk sun fice daga jumlar. A ganina wannan ita ce babbar illar kalmar, domin tana haɗa abin da zamani ya cinye da abin da hannun mutum ya rusa a cikin kwando ɗaya, ta sa su yi kama da juna.

Bayan kamar shekara 200, sai kalmar da ta fara da firgici ta koma abin sha'awa. 'Ya'yan masu hali na Ingila suka mayar da ziyarar Italiya wani ɓangare na karatunsu, aka fara tono garuruwan Rumawa da aman dutse ya binne, Herculaneum a 1738 da Pompeii a 1748, hotunan kangayen Rum da mai zane ɗan Italiya Piranesi ya zana suka shiga gidajen manya. Masanin tarihi ɗan Ingila Edward Gibbon ya faɗa da kansa cewa a ranar 15 ga Oktoba, 1764, yana zaune a cikin kangayen tudun Capitol da ke birnin Rum tunanin rubuta tarihin faɗuwar Rum ya zo masa. Abin bai tsaya ga kallo ba. Attajiran da babu tsohon kango a gandunsu suka fara biyan magina su gina musu sabo, da karyayyar hasumiya da tagogi marasa gilashi, kamar wanda Sanderson Miller ya tsara a Hagley a ƙarshen shekarun 1740. Misalin da ya fi ci mini rai shi ne na tafkin Virginia Water, kusa da fadar Windsor. Ginshiƙan da ke tsaye a can na gaske ne, daga tsohon birnin Rumawa na Leptis Magna da ke gaɓar tekun Libiya aka kwaso su, bayan jakadan Birtaniya a Tarabulus, Hanmer Warrington, ya shawo kan mai mulkin wurin, Yusuf Karamanli, ya ba da su kyauta a 1816. Wannan Warrington ɗin shi ne ya taimaka wa ayarin su Clapperton da ya iso Kano da Sakkwato a 1824. Duwatsun sun yi shekaru a zube a harabar gidan tarihi na Birtaniya, sannan a shekarun 1820 aka kai su bakin tafki aka jera su yadda za su yi wa Sarki George na Huɗu kyan gani. An rage wa kufai na gaskiya kayansa domin a ƙawata lambu da na ƙarya, kuma da kalma ɗaya ake kiran duka biyun.

A daidai wannan zamani kalmar tana wani aikin a kasuwa. Shekarar 1720 hannun jarin Kamfanin South Sea ya tashi daga fam ɗari da 'yan kai zuwa kusan fam 1,000 cikin 'yan watanni, kafin shekara ta ƙare ya koma kusa da inda ya faro, dubban iyalai suka tsiyace, kuma "ruined" ita ce sifar da Turanci yake ba irin waɗannan mutane. Masana lissafi ma sun ɗauki kalmar. Akwai matsalar da ake kira "gambler's ruin", wadda masani ɗan Holan Christiaan Huygens ya buga a 1657 bayan masanin Faransa Pascal ya tayar da ita, kuma abin da aka fitar daga cikinta shi ne ɗan cacar da kuɗinsa ke da iyaka, idan ya ci gaba da karawa da wanda aljihunsa ba ya ƙarewa, to ƙarshensa tsiya ne ko da babu maguɗi a wasan. A 1903 wani ɗan ƙasar Suwidin, Filip Lundberg, ya aza harsashin lissafin da kamfanonin inshora suke auna yiwuwar karyewarsu da shi, fannin da ake kira "ruin theory". An kuma ruwaito cewa da labarin kashin da sojojin Birtaniya suka sha a Saratoga a 1777 ya iso, wani matashi mai suna John Sinclair ya ce wa masanin tattalin arziki Adam Smith ƙasar ta halaka, sai Smith ya amsa masa da cewa akwai "ruin" mai yawa a cikin al'umma, yana nufin ƙasa tana iya shan ɓarna mai yawa kafin ta durƙushe.

Akwai wata ma'ana da ta bayyana a ƙarni na 17 wadda ta fi sauran zalunci. Idan namiji ya yaudari budurwa, ita ake kira "ruined", tambarin ya bi ta har kabari, shi kuwa harshen bai tanadar masa suna makamancin wannan ba. Haka barasar da ake kira "gin", wadda ta addabi talakawan Landan a farkon rabin ƙarni na 18 har majalisa ta yi dokar 1751 domin rage sayar da ita, daga baya laƙabin da ya bi ta shi ne "mother's ruin", wato halakar uwa, alhali maza ma sun sha, kuma masu sarrafa ta da gwamnatin da ta ƙarfafa sana'ar tun farko ba su shiga laƙabin ba.

Idan aka jera ta da 'yan'uwanta, matsayinta yana ƙara fitowa. "Destruction" daga "destruere" take, wato warware abin da aka gina, kuma tana nuna akwai mai warwarewa. "Decay" ta bi ta Faransanci daga "cadere", faɗuwa, ta tsaya ga lalacewa a hankali irin ta haƙori ko itace. "Dilapidation" tana ɗauke da "lapis", dutse, wato warwatsa duwatsu, kuma a Latin almubazzaranci take nufi. "Vandalism" kuwa, wadda limamin Faransa Henri Grégoire ya yayata a 1794 domin sukar masu farfasa kayan tarihi a lokacin juyin juya hali, sunan wata ƙabila ce da ta washe Rum a 455, saboda haka gaba ɗayanta nuna yatsa ce. "Ruin" tana tsakiyarsu, tana karɓar faɗuwar dare ɗaya da ta shekara 500, amma tana da sharuɗɗa biyu: dole abin ya taɓa tsayawa da daraja, kuma dole wani abu ya rage da za a gani a tuna da yadda yake a da.

Sauran harsunan da suka gaji kalmar kowanne ya bi da ita ta hanyarsa. Italiyanci yana da "rovina", Sifaniyanci "ruina". Jamusanci ya raba ta gida biyu, "die Ruine" ga gini, "der Ruin" ga karyewar mutum ko dukiya. A harshen Fotugal ta haifi sifar "ruim", wadda yau take nufin abu maras kyau kawai.

Hausa ta fi Jamusanci rarrabewa, shi ya sa mai fassara ba zai sami kalma ɗaya da zai riƙa maye gurbinta da ita ba. Ginin da ya rasa rufi da mazauna kango ne, garin da aka watse aka bari kufai ne, don haka abin da Turanci yake kira "ruins of Surame", tsohon birnin Kanta na Kabi, a wurinmu kufan Surame ne. Tarin ƙasa da dutsen da ke zube ɓaraguzai ne, ɗan kasuwa karyewa yake yi, daula ta durƙushe ko ta ruguje, tarbiyya ta lalace, shiri ya wargaje. Inda aikin ya fi wuya shi ne jumla irin "fell into ruin", domin mai fassara sai ya zaɓa tsakanin "ya rushe" da "an rusa shi", kuma Turancin ba zai gaya masa wanne ne daidai ba, sai ya koma ga tarihin wurin. Idan ginin da aka ƙaurace wa ne damina ta yi ta cinsa, "ya rushe" ta wadatar. Idan kuwa irin Tintern ne ko Fountains, fassarar da ta dace da abin da ya faru ita ce an kware rufinsu bisa umarnin sarki, aka bar su suka zama kangaye.